Kafin a ce sai fomat: idan Software Manager na Linux Mint ya daina ganin manhajoji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ɗan fili don mu yi wa masu karatu bayani kan wata matsalar kwamfuta da ake yawan yi wa maganin da ba nata ba.

Tun da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu tsofaffin kwamfutocin da Windows 11 ba ta karɓa suka shiga neman mafita, kuma Linux Mint, wani tsarin sarrafa kwamfuta da ke maye gurbin Windows, na cikin wuraren da ake komawa, saboda kyauta ce kuma ba ta da nauyi. To amma akwai abin da ke rikita sabon shiga. Mutum zai buɗe Software Manager, shagon saka manhajoji na Mint, ya nemi VLC, wadda yake kallon bidiyo da ita kullum, sai ya tarar da maɓallin Install, kamar bai taɓa saka ta ba. Wani kuma Update Manager, mai kawo sabuntawa, ne zai yi ta ce masa komai sabo ne har wata biyu ko uku, ba sabuntawa ko ɗaya. Idan aka kai wa mai gyara, amsar da aka fi ji ita ce sai an yi fomat. Ranka ya daɗe, a mafi yawan lokuta fomat ɓarnar lokaci ce da ta data, kuma idan ba a gano sanadin ba, matsalar za ta dawo a sabon tsarin.

Software Manager kamar yaron shago yake, wanda ba ya shiga sito ya ƙirga kaya, littafi kawai yake dubawa. Littattafan kuma huɗu ne. Akwai fayil ɗin /var/lib/dpkg/status, inda ake rubuta duk ƙunshin manhajar da aka saka a kwamfutar da halin da yake ciki. Akwai foldar /var/lib/apt/lists, wadda ke ɗauke da jerin abubuwan da ke rumbunan intanet na Mint da Ubuntu, tsarin da aka gina Mint a kansa, da lambar fitowar kowanne. Flatpak, wata hanyar saka manhaja ta daban, na da nasa lissafin daban a /var/lib/flatpak. Na huɗu shi ne ɗan taƙaitaccen jerin da Software Manager ke kwafa wa kansa don ya riƙa buɗewa da sauri, wanda ke cikin foldar .cache/mintinstall a gidan mai amfani, wato foldar Home, wadda ake taƙaita ta da alamar ~. Sabuntawa kuwa ba komai ba ce illa kwatanta na farko da na biyu: idan lambar da ke rumbu ta fi wadda ke kwamfuta, a nuna. Saboda haka duk sa'ad da manhaja ta ɓace ko sabuntawa ta ƙi zuwa, aikin mai gyara shi ne ya gano wane littafi ne ya tsufa, ko ya lalace, ko kuma ba a taɓa rubuta manhajar a cikinsa ba tun farko.

A fara da wannan na ƙarshen, domin shi ya fi yawa kuma ba ma lalacewa ba ce. A buɗe Terminal, baƙin allon da ake rubuta umarni, ta hanyar danna Ctrl da Alt da T tare. A rubuta:

which vlc

Zai nuna inda manhajar take zaune. Idan ya ce /usr/bin/vlc, sai a tambayi dpkg, mai riƙe da littafi na farko, ko ya san ta:

dpkg -S /usr/bin/vlc

Idan ya ambaci sunan ƙunshi, to ta hanyar da ta dace ta shigo. Idan ya ce bai samu ba, ko kuma which ya nuna /opt ko /usr/local/bin, to da hannu aka zuba ta, daga fayil ɗin tar.gz ko ta hanyar harhaɗa ta daga tushe. Irin wannan Software Manager ba zai taɓa ganinta ba, ko sau nawa aka sabunta jerinsa. Haka AppImage, wadda fayil ɗaya ce da ake saukewa a danna ta tashi. Babu inda aka rubuta ta. Haka abin da aka saka da pip, mai saka kayan Python, haka manhajar Windows da ke gudana a cikin Wine, wadda ke tada manhajojin Windows a Linux. Idan which bai nuna komai ba alhali manhajar na cikin menu, a gwada flatpak list --app, sannan snap list. Game da Snap, hanyar saka manhaja ta Ubuntu mai kama da Flatpak, tun fitowar Mint 20 a 2020 masu tsarin suka toshe shi da fayil ɗin /etc/apt/preferences.d/nosnap.pref. Wanda ya cire wannan fayil ya saka Snap da kansa ya sani cewa Software Manager da Update Manager ba ruwansu da abin da ke cikinsa.

Akwai kuma tarkon suna. Manhaja ɗaya tana iya fitowa ta fuska biyu, ɗaya daga rumbun tsarin, ɗaya daga Flathub, babban rumbun Flatpak. Wanda ya saka ta Flathub ya buɗe shafin ta tsarin, Install zai gani, kuma gaskiya aka gaya masa. Idan ya danna, ya zama yana da VLC biyu, kowacce da saitinta, gobe ya rasa dalilin da ya sa abin da ya saita jiya ya ɓace. A shafin manhajar akwai wurin da ke nuna ko System Package ce ko Flatpak. A duba shi kafin a danna komai. Shi ma jerin nan na Show installed applications yana yaudarar mutane. Ba ya ƙirga manhajojin da suka zo tare da tsarin, ko waɗanda aka saka da apt, umarnin saka manhaja daga rumbun tsarin, a Terminal. Mai son cikakken jeri ya rubuta apt list --installed, ya shirya ganin layi sama da dubu, don har ƙananan sassan tsarin da manhajoji ke dogaro da su suna ciki.

Idan an tabbatar manhajar ta hanyar apt ta shigo amma har yanzu ana nuna Install, sai a koma ga ɗan jerin Software Manager na kansa. Wannan gyaran ba shi da wahala. A menu ɗinsa na sama akwai Refresh the list of packages. Idan bai wadatar ba, a rufe shi, a rubuta rm -r ~/.cache/mintinstall, a sake buɗewa, a ba shi minti ɗaya ko biyu ya gina sabo. Babu manhajar da za ta ɓata, jeri ne da hotuna kawai a ciki. Idan ya maƙale yana ta juyawa, a buɗe shi daga Terminal da rubuta mintinstall, ba tare da sudo ba, kalmar da ke ba umarni cikakken iko a kan tsarin, don a ga kuskuren da yake bugawa. Idan aka ga Permission denied, yawanci an kwafo foldar gida ne daga wata kwamfuta da ikon root, wato babban mai iko a tsarin, sai fayilolin suka zama ba mallakar mai amfani ba. Umarnin sudo chown -R $USER:$USER ~/.cache yana mayar masa da su.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Yawancin matsalolin sabuntawa suna bayyana kansu a umarni ɗaya:

sudo apt update

Wannan ba ya saka komai, jerin rumbuna kawai yake saukowa da shi. Abin takaici, mutane na ganin rubutu na gudu sai su ɗauka an gama. A tsaya a karanta. Layin da ya fara da Hit ko Get lafiya yake. Layin da ya fara da Err, ko E, ko W, shi ne abin nema, kuma kowanne da ma'anarsa.

Idan aka ga is not valid yet, agogon kwamfutar ne ya koma baya. Kowane rumbu yana buga wa jerinsa ranar da aka fitar da shi, kuma apt ba ya karɓar jerin da a ganinsa bai ma fito ba tukuna. Wannan ciwon kwamfutocin da suka kwana biyu a duniya ne. A jikin allon uwa, wato motherboard, akwai ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda ke riƙe agogo idan an kashe na'ura. A kwamfutar tebur yana zaune a fili, da farce ma ana ɓalle shi. A yawancin kwamfutocin cinya kuwa an naɗe shi da roba baƙa ko rawaya, da 'yar waya ja da baƙa, sai an buɗe bayan na'urar. Idan ya mutu, duk lokacin da babban batir ya ƙare ƙaf, kwanan wata zai koma shekarun baya. A rubuta timedatectl a ga abin da kwamfutar ke ɗauka yau ne. Umarnin sudo timedatectl set-ntp true zai sa ta karɓi lokaci daga intanet, a kuma tabbatar yankin lokaci Africa/Lagos ne ko Africa/Niamey. Amma wannan lallaɓawa ce. Canza ɗan batirin shi ne gyara. Agogon da ya karkace yana hana Flathub aiki ma, domin takardun shaidar tsaro duk da kwanan wata suke tafiya.

Idan aka ga kalmar NOSPLIT, ko Clearsigned file isn't valid, to ba jerin rumbu kwamfutar ta samu ba, shafin yanar gizo aka miƙo mata a madadinsa. Hakan na faruwa idan data ta ƙare kuma layin waya ya karkatar da mutum zuwa shafin sayen wata, ko a Wi-Fi na makaranta ko otal da ke buƙatar a fara shiga da kalmar sirri a burauza. A buɗe burauza a ga ko shafuka na buɗewa da gaske, sannan a maimaita umarnin.

Hash Sum mismatch da Problem with MergeList 'yan gida ɗaya ne: jerin ya sauko rabi, ko an sauko da shi daidai lokacin da rumbun ke canza kayansa, ko wata na'ura a tsakiyar hanya ta ba da tsohon kwafi. Maganin shi ne a zubar da jerin gaba ɗaya a ɗauko sabo. A intanet za a ga ana ba da umarnin rm -rf da sudo a gabansa don yin haka. Ba mu ba sabon shiga shawarar bin wannan hanya, domin tazara ɗaya da ta faɗa wurin da bai dace ba tana iya share tsarin dungurungum, kuma babu tambayar ko ka tabbata. A buɗe Software Sources, manhajar saita rumbuna, a shiga Maintenance, a danna Fix MergeList problems. Aiki ɗaya suke yi. A tanadi megabait gommai na data, don za a sauke jerin daga farko.

NO_PUBKEY da EXPKEYSIG maganar sa hannu ce. Kowane rumbu yana sa wa jerinsa hannu da makulli, idan makullin ya ɓata ko wa'adinsa ya cika, apt zai ƙi sabon jerin ya ci gaba da amfani da tsohon da ke hannunsa. Nan ne illar take, don babu abin da zai fito fili ya lalace. Manhajar na aiki, sabuntawarta ce kawai ta tsaya cik, kuma idan burauza ce, hakan na nufin ana yawo a intanet da ramukan tsaron da aka riga aka toshe wa kowa. A Maintenance ɗin dai akwai Add missing keys. Idan bai yi ba, a je shafin masu manhajar a bi bayanin da suka bayar na sabon makulli. Duk bayanin da ya ce a yi amfani da apt-key tsohon yayi ne. Yanzu ana ajiye makulli a /etc/apt/keyrings ko /usr/share/keyrings, a ambace shi da signed-by a layin rumbun. Kada kuma a yarda da shawarar rubuta trusted=yes don a rufe bakin kuskuren, wannan cire ƙofar ne gaba ɗaya.

Sai 404 Not Found, ko does not have a Release file. A Mint wannan na da sanadi na musamman da ya kamata kowane mai gyara ya haddace. Mint a kan Ubuntu aka gina ta, amma kowacce da sunan fitowarta. Mint 21 da ƙannenta, wato Vanessa da Vera da Victoria da Virginia, a kan Ubuntu 22.04 suke, mai suna jammy. Mint 22 Wilma, da 22.1 Xia, da 22.2 Zara, a kan Ubuntu 24.04 suke, mai suna noble. Bayanan saka manhaja da aka rubuta don Ubuntu sukan sa kwamfuta ta cike sunan fitowarta da kanta, sai Mint ta rubuta wilma, alhali rumbun waje bai san wata wilma ba, noble ya sani. A rubuta cat /etc/os-release a duba layin UBUNTU_CODENAME, sannan a buɗe fayil ɗin rumbun a /etc/apt/sources.list.d a musanya sunan. Idan kuma PPA ce, wato ƙaramin rumbun wani mutum ko ƙungiya, da mai ita ya yi watsi da ita, a cire ta kawai daga Software Sources. Fayil ɗaya ne a wannan folda ba a taɓawa da hannu, official-package-repositories.list, idan an riga an taɓa, maɓallin Restore the default settings zai mayar da shi yadda yake.

Wani lokaci ba kuskure ko ɗaya, amma reshen rumbun da aka zaɓa ne ya daina karɓar sabbin kaya daga uwar rumbu. Mutane na zaɓar wanda ya fi sauri a gwaji, su manta sauri daban, sabunta daban. A Software Sources rassa biyu ne, Main na Mint da Base na Ubuntu. A mayar da su packages.linuxmint.com da archive.ubuntu.com, a sake sudo apt update. Idan sabuntawa suka zubo, an gano mai laifi.

Could not get lock kuwa haƙuri yake so. Wani aikin ne ke riƙe da littafin, kuma saƙon kan faɗi lambarsa da sunansa. A rufe Update Manager da Software Manager, a jira minti biyar zuwa goma. Goge fayil ɗin lock alhali ana tsakiyar rubutu shi ne hanya mafi sauri ta jawo matsalar da za mu faɗa yanzu.

Ɗaukewar wuta a tsakiyar saka manhaja, ga kwamfutar tebur marar UPS ko ta cinya mai mataccen batir, ita ce ke lalata littafi na farko, wato fayil ɗin status. Saka ƙunshi mataki biyu ne: a kwance fayilolinsa a zuba, sannan a saita shi. Idan wuta ta tafi a tsakani, manhajar na nan a faifai, wataƙila ma tana buɗewa, amma a rubuce ba a gama da ita ba, kuma apt ba zai ƙara taɓa komai ba sai an ƙarasa. Saƙonsa shi ne dpkg was interrupted. A bi wannan jeri, kada a sauya shi:

sudo dpkg --configure -a

sudo apt --fix-broken install

sudo apt update

A na biyun, a karanta abin da ya ce zai cire kafin a amsa da Y. Ƙunshi ɗaya ko biyu ba komai. Idan jerin ya yi tsawo, ko aka ga cinnamon ko mint-meta ko xorg a ciki, a amsa da N a tsaya, don yana shirin tafiya da fuskar tsarin ne, kuma galibi wani rumbun waje ne ya kawo ƙunshin da bai dace ba. Downgrade foreign packages a Maintenance shi ke mayar da irin waɗannan zuwa na asali. Don ganin halin kowane ƙunshi, a rubuta dpkg -l | grep -v ^ii. Haruffa biyun farko na kowane layi su ne labarin: ii lafiya ƙalau, shi ya sa muka tace su, rc an cire manhajar, saitinta ne ya rage, ba damuwa, iU an kwance ba a saita ba, iF an fara saitawa ba a gama ba, iH an zuba rabi. Duk wanda ya ƙi gyaruwa, a gwada sudo apt install --reinstall da sunansa.

Mafi muni shi ne fayil ɗin status ɗin kansa ya yanke ko ya zama fanko. A nan ne za a ga abin mamaki: kwamfuta na aiki sarai, amma Software Manager na nuna ba a saka komai ba. Ko a nan ba a kai ga fomat ba, don tsarin na ajiye kwafi. Akwai /var/lib/dpkg/status-old, akwai kuma /var/backups/dpkg.status.0 da wasu tsofaffi a bayansa. A rubuta ls -l /var/lib/dpkg/status* /var/backups/dpkg.status* a kwatanta girma da kwanan wata. Lafiyayyen fayil ya kan kai megabait ɗaya zuwa sama. Wanda ya nuna sifili ya mutu. A fara ajiye lalataccen a gefe da sudo cp /var/lib/dpkg/status /root/status.tsoho, sannan a kwafi mai lafiyar a kan /var/lib/dpkg/status, a maimaita umarnan nan uku. Abin da aka saka bayan ranar kwafin ba zai fito a littafin ba. A buɗe /var/log/apt/history.log a ga sunayensu a sake saka su.

Kafin duk wannan ma, a duba wuri. Umarnin df -h / zai nuna yadda faifan ya cika. Idan ya kai kashi 100, apt ba shi da inda zai rubuta sabon jeri, kuma kuskuren da zai bayar ba lallai ya ambaci wuri a fili ba. Kwamfutoci masu faifan gigabait 32 ko 64 sun fi faɗawa wannan. Umarnin sudo apt clean na zubar da ragowar fayilolin ƙunshin da aka sauke, ba manhajojin kansu ba, sudo apt autoremove na kwashe waɗanda ba a bukata har da tsofaffin kernel, wato zuciyar tsarin, flatpak uninstall --unused na sauke nauyin Flatpak. Sai a leƙa Timeshift, mai ajiye hoton tsarin don a iya komawa baya, don shi ne babban mai cin wuri a ɓoye. Hoton tsarin guda biyu ko uku sun isa. Muna dai ba da shawarar a ɗauki sabo guda ɗaya kafin a taɓa fayil ɗin status ko a amsa wa fix-broken, a kan faifan waje idan da hali.

Akwai kuma lokutan da komai lafiya yake, sabuntawar ce aka hana ta da gangan, ko ba ta ma wanzu ba. Danna dama a kan wata sabuntawa a Update Manager yana ba da zaɓin a yi watsi da ita har abada, kuma hannu kan kuskure ya danna; a duba jerin waɗanda aka toshe a Preferences. Umarnin apt-mark showhold na nuna waɗanda aka ɗaure, sudo apt-mark unhold da suna na kwance su. Idan Update Manager ya nuna kansa shi kaɗai, a sabunta shi tukuna, sauran za su biyo. Idan Terminal ya ce kept back ko deferred due to phasing, wannan tsarin Ubuntu ne na raba sabuntawa kaɗan-kaɗan, a fara da kashi 10 cikin 100 na kwamfutoci, a riƙa ƙarawa idan ba a ga ɓarna ba. Rubuta apt policy da sunan ƙunshin zai nuna kalmar phased da kason da aka kai. A bar shi, cikin 'yan kwanaki zai iso. Wannan umarni na apt policy ya cancanci a saba da shi: layin Installed shi ne abin da ke kwamfuta, Candidate shi ne abin da rumbu ke da shi, idan sun zo ɗaya babu abin da za a sabunta.

Fayil ɗin deb da aka sauke daga shafin kamfani iri biyu ne. Wani, kamar na Google Chrome, yana ƙara rumbunsa da kansa, sai sabuntawa ta riƙa zuwa tare da sauran. Wani ba ya ƙarawa, zai zauna a yadda aka saka shi har sai an sauko da sabo da hannu. Umarnin apt list --installed | grep local na tona su. Sannan masu ƙorafin cewa LibreOffice ɗinsu ta tsaya a 7.3 a Mint 21, ko 24.2 a Mint 22, alhali an fitar da sabbi, su sani haka tsarin yake. Fitowa mai dogon tallafi gyaran tsaro da na kurakurai take kawowa, ba ta sauya babbar lambar yawancin manhajoji. Mai son sabuwa fil ya nemi ta Flathub, ya kuma shirya data, don manhajar Flatpak ta farko takan jawo ginshiƙan da take tsayawa a kai, masu nauyin ɗaruruwan megabait.

Flatpak ɗin ma na da nasa wuraren tuntuɓe. Tun Mint 21.1 Update Manager ke nuna sabuntawarsa. Daga Mint 22, Software Manager na ɓoye manhajojin Flathub da ba a tantance masu su ba, sai an kunna Show unverified Flatpaks a Preferences; da yawa daga abin da ake cewa ya ɓace, nan yake. A ganinmu wannan ɓoyewa daidai ce, kuma wanda zai kunna ya san me yake ɗaukowa. Sannan Flatpak na da mazauni biyu, na tsarin gaba ɗaya da na mai amfani ɗaya a ~/.local/share/flatpak. Abin da aka saka da --user yana na biyun, Software Manager kuwa na farkon yake dubawa. Umarnin flatpak list --app --columns=application,installation zai nuna kowacce da mazauninta. Idan Flathub gaba ɗaya ba ya fitowa, flatpak remotes zai nuna ko yana nan, flatpak update --appstream zai sabunta bayanan manhajojinsa, sudo flatpak repair kuma zai gyara abin da yankewar wuta ta ɓata.

Wurare biyu ne muka yarda a sake ɗora tsari. Na farko idan wa'adin fitowar ya cika: tallafin Mint 19 ya ƙare a Afrilun 2023, na Mint 20 a Afrilun 2025, Mint 21 na da shi har 2027, Mint 22 har 2029. Wanda ke kan 19 ko 20 ba gyaran da zai kawo masa sabuntawa, sai ya hau sabuwa, kuma ya lura tun daga Mint 20 babban reshen ba ya fitowa don na'ura mai bit 32. Na biyu idan kuskuren Input/output error ko Read-only file system na maimaituwa. Wannan faifan ajiya ne ke mutuwa. A buɗe manhajar Disks, a duba SMART Data, idan ta nuna ɓatattun sassa suna ƙaruwa, a kwashe takardu da hotuna zuwa filashi ko faifan waje nan take, a sayi sabon faifai, sannan a ɗora tsarin a kansa.

Mun gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta da koyar da ita,
Kano.